Sabuwar kwamfuta amma kafofin USB suna gardama: me kuka gani?

Abu Safwan:
Assalamu alaikum. Na sayi kayan kwamfutar tebur na haɗa da hannuna, ta tashi lafiya, Windows ma ya shiga. Sai dai kibod da maus suna yawan yankewa: ka ji ƙarar nan ta cire na'ura, jim kaɗan ka ji ta sake kamawa. Kafofin gaba guda biyu masu shuɗi kuwa ko filash ba sa gani. An ba ni shawara in goge Windows in sake lodawa. Kafin in kai ga haka, don Allah duk wanda ya taɓa fama da irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani da abin da ya warware masa.

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Kada ka goge komai tukuna, ɗan'uwa. A ganina matsala biyu gare ka, ba ɗaya ba. Kafofin baya a jikin madabod suke, wato babban allon da ake haɗa sauran kayan kwamfuta a kansa, na gaba kuwa waya ce take kai musu daga cikin akwati, don haka idan na baya suna gani na gaba ba sa gani, da wuya laifin Windows ne. Kashe ta, zare wayar wuta, buɗe akwatin, ka nemo wayar nan mai kauri mai faffaɗan kai. Mazauninta a kan madabod yana da fil 19, siraran gaske, ita kuma wayar ga tauri, ba ta lanƙwasuwa da daɗi. Yawancin waɗanda aka kawo mini da wannan ƙorafi, ko dai kan bai zauna har ƙasa ba, ko an tura shi a karkace fil ɗaya ya kwanta. Haska da tocila ka ƙirga su. Idan ka ga wanda ya kwanta, bakin fensirin inji da aka zare masa ƙwaya yana shiga kansa daidai, sai ka miƙar da shi a hankali. Sau ɗaya za ka yi, in ka yi ta kai shi da kawo shi karyewa zai yi.

Ummu Hanan:
Tamu ta fi ban tsoro. Ni da ƙanena muka haɗa, muna kunnawa ta rubuto “USB device over current status detected”, ta ce za ta mutu cikin daƙiƙa 15, ta kuwa mutu. Muka zare duk abin da yake jikinta, ba ta fasa ba. Ashe faifan ƙarfen nan da ake mannawa a bayan akwati, wanda kafofin suke leƙowa ta cikinsa, yana da wasu 'yan harsuna da ya kamata su kwanta a saman kafa. Ɗaya ya shige cikin ramin USB yana taɓa layin wuta. Sai da na durƙusa na sa ido sosai sannan na hango ɗan ƙyallinsa. Muka kwance madabod, muka ɗaga harshen, muka mayar, magana ta ƙare. Tunda za ka buɗe, Abu Safwan, ka duba 'yan ginshiƙan tagullar da madabod yake zama a kansu. Idan akwai rarar guda a inda babu ramin sukuru, shi ma yana iya haɗa wuta ta ƙasa.

Abu Safwan:
Allah ya saka da alheri. Malam, ka canka, kan wayar gefe ɗaya ne kawai ya shiga. Yanzu kafofin gaba suna gani. Saura yankewar.

Baban Zara:
Maus ɗinka mai waya ne ko marar waya? Nawa marar waya ne, kuma duk sanda na soka had disk na waje kusa da ɗan makarɓinsa da ake sokawa a kafar USB sai kibiya ta fara tsalle a allo. USB 3.0, wato na shuɗiyar kafa, yana fitar da hayaniyar da take faɗawa a kan zangon 2.4 GHz, wanda shi ne maus da kibod marasa waya suke amfani da shi. Intel ma ya fitar da takarda a kan haka tun 2012. Na mayar da makarɓin baƙar kafa ta USB 2.0, na sa 'yar wayar ƙari na kawo shi kan tebur, ban sake gani ba. Had disk ɗin kuma a shuɗiyar kafa za ka bar shi, domin ita tana ba da wuta har 900 mA, baƙar kuwa 500 mA ce, shi ya sa wani lokaci za ka ji disk yana ƙwas-ƙwas bai tashi ba.

Yaya Babba:
Ni da na ji ƙarar cirewa da haɗawa ba dalili, BIOS nake fara tambaya, wato manhajar cikin madabod da take tayar da kwamfuta kafin Windows. Madabod yana iya daɗewa a kwali kafin ya zo hannunka, sabo ne a ido amma BIOS ɗinsa tsoho. Ga misali sananne: a farkon 2021 kamfanin AMD ya amsa cewa USB yana yankewa a wasu madabod na B550 da X570, ya kuma fitar da gyara a AGESA 1.2.0.2, wato ɓangaren AMD da ake sawa a cikin BIOS. Kafin gyaran ya iso, mutane suna shiga BIOS su sauke saurin PCIe, wato hanyar da katin hoto yake magana da madabod, daga Gen 4 zuwa Gen 3 su samu sauƙi. Ko ma wane iri ne naka, ƙanena, shiga BIOS ka ga lambarsa, ka gwada da ta shafin kamfanin, sannan ka sauke direban cifset daga can, wato manhajar da Windows yake sarrafa madabod da ita. Amma kada ka taɓa sabunta BIOS sai kana da tabbacin wuta ba za ta ɗauke a tsakiya ba.

Ummu Hanan:
Yaya, da ni ce shi, ba zan fara da BIOS ba, akwai mai sauƙi. A Device Manager, inda Windows yake jera na'urorin kwamfuta, ƙarƙashin kowane USB Root Hub akwai wurin da aka ba kwamfuta izinin kashe na'ura don tsimin wuta. Ya cire alamar, ya kashe USB selective suspend a saitin wuta, ya gani tukuna.

Malam Injiniya:
Duk biyun suna da hujja, kuma akwai hanyar raba gardama. Ka sa Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta daban da Windows, a filash, ka tashi kwamfutar daga kansa ba tare da ka loda shi ba, ka yi aiki da kibod da maus na ɗan lokaci. Idan ba su yanke ba, Hajiya Ummu Hanan ta yi gaskiya, saiti ne ko direba. Idan sun yanke a can ma, sai ka bi maganar Yaya. In bayan sabunta BIOS ba ta daina ba, fito da madabod ka ɗora shi a kan kwalinsa, RAM ɗaya, kibod mai waya a kafar baya, ka gwada. Ya yanke a haka ma, to ka mayar da shi tun garantinsa bai ƙare ba.