Wa ya taɓa kallon fim don kawai ya ci Oscar na ɗaukar hoto?

Mai_Kyamara: Salamu alaikum jama'a. Ni duk shekara in an gama rabon Oscar, kyautar fina-finai ta Amurka, ba ruwana da wane jarumi ya ci, wanda ya ci kyautar ɗaukar hoto shi nake nema in kalla. Akwai masu irin halina? Kowa ya faɗi wanda ya gani da yadda ya ji.

Ɗan_Kallo: Wa alaikumus salam. Ni fim ɗin 1917 ne, a sinima na kalle shi kuma har yau ban warke ba. Mai ɗaukar hoton, Roger Deakins, ya tsara abin kamar kyamarar ba ta taɓa tsayawa ba tun daga farko har ƙarshe, alhali an yayyanka, ɓoye wuraren haɗin kawai aka yi, amma inda ya kashe ni shi ne daren nan da sojan ke gudu cikin rusasshen gari ana harba wuta sama, inuwar gine-gine na ta zagaya shi, wallahi sai da na riƙe kujera. Daga baya na sake kallo a waya, kai, kamar ba shi ba, duhun duk ya cakuɗe. Kuma fa Deakins ɗin nan sau 13 ana sa sunansa yana tashi a tutar babu, sai a 2018 ya ci da Blade Runner 2049, 2020 ya ƙara da wannan.

Uwar_Biyu: Ni The Revenant. Labarin bai wani dame ni ba gaskiya, sanyin ne ya shige ni, har akwai inda numfashin jarumin, DiCaprio, ya rufe gilashin kyamara da hazo kuma suka bar shi a haka. Kusan duk fim ɗin da hasken rana Emmanuel Lubezki ya ɗauka. Shi ne ya ci sau uku a jere, Gravity 2014, Birdman 2015, sai wannan a 2016. Da yake ina ɗan taɓa ɗaukar hoto nace bari in gwada aiki da hasken yamma kaɗai, kafin in gama saita mutane rana ta faɗi, hhhh.

Ba_Ruwana: To ku yi haƙuri ni dai barci na yi a fim ɗin Roma. Baƙi da fari, ana ta wankin tsakar gida.

Uwar_Biyu: Haba Malam, ruwan wankin nan ba ka ga jirgin sama ya gifta a cikinsa ba? Alfonso Cuarón da kansa ya yi ɗaukar, shi ne kuma darakta, 2019 ya ci.

Ba_Ruwana: Na gani Hajiya, daga nan ne ma barcin ya fara. Ni abin da ya fi ɗaure min kai Life of Pi da ya ci a 2013, na ji daɗinsa sosai amma damisar nan da tekun yawanci aikin kwamfuta ne, to mai ɗaukar hoton Claudio Miranda aka bai wa kyautar ko masu kwamfutar?

Mai_Kyamara: Su ma sun karɓi tasu daban a shekarar. In kana son wanda ba hannun kwamfuta nemi Barry Lyndon, John Alcott ya ci da shi a 1976. Akwai wuraren da kyandir kaɗai suka kunna, da gilashin kyamara na kamfanin Zeiss irin wanda aka ƙera wa NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Sai dai ka sha shayi mai kauri tukuna, awa uku ne, kuma ya fi Roma tafiyar hawainiya.