An sa ɗana ya fito a maigadi a wasan makaranta: in yi magana ko in bari?

Dillalin Gwari, Mile 12:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri da tsawon zance.

Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, tumatir da attaruhu da albasa, ina zaune da iyalina a Ketu. Yarona na biyu yana aji biyar a wata firamare mai zaman kanta a unguwarmu. Za su yi ranar al'adu, kowace ƙabila da ɗan wasan kwaikwayonta. Sai ga shi ya dawo da takardar abin da zai haddace. Yaron Yarbawa zai fito a lauya, na Ibo a mai babban shago, nawa kuma a maigadi. An rubuta masa ya zo da tsohuwar riga, da buta, da ƙaramar rediyo da zai kara a kunne. Maigida zai aike shi sayen abu ya sayo wani daban, ya yi ta jagwalgwala Turanci, a yi dariya, shi ke nan wasa ya tashi.

Yaron nan a Legas aka haife shi. Yarbancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, Turancinsa kuwa shi ke karanta min saƙon banki. Amma da daddare ina jin sa a ɗaki yana koyon yadda zai ɓata harshensa, ƙannensa na ƙyalƙyala dariya. Abin ya tsaya min a rai.

Kada wani ya ce na raina gadi. Ƙanen mahaifina gadi ya yi a Surulere har ƙarfinsa ya ƙare, da kuɗin ya gina gida a Ɗanbatta ya kuma sauke farali. Mutum ne da in ya yi maka lissafin bashi da ka, ba ka buƙatar biro. Wautar da ake liƙa wa aikin ita ce damuwata. Uwar yaron ta tuntuɓi malamar a bakin ƙofa, malamar ta ce wallahi ba da wata manufa ba, haka ake yi a fim. Na kuma yarda da ita, don mace ce mai kirki. To amma wannan amsar ita ta fi tayar min da hankali, domin ta nuna inda ta san mu. Kullum tana wuce mu a kasuwa, amma a akwatin talabijin ta san Bahaushe.

Na ga irin wannan a jarida ma. A watan Maris na 2016 da rikici ya tashi a nan wajenmu har gwamnati ta rufe kasuwa, abin daga rigimar ɗan acaba ya faro a Agiliti. Kafin gari ya waye ya zama yaƙin Hausawa da Yarbawa a kanun labarai. 'Yan jarida sun zo da yawa, amma ban ga wanda ya tsaya ya tambayi mai ɗaukar kwando da harshen da yake ji ba. Kayanmu suka ruɓe a cikin motoci, wannan bai zama labari ba.

To in je in sami shugabar makaranta, ko in bari kada a ɗauke ni mai neman rigima a kuma sa wa yaro ido?

Tsohon Ɗan Jarida, Agege:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka je. Amma bari in gaya maka yadda tuwon yake tuƙuwa, don na yi aiki a ɗakin labarai a garin nan kafin in ajiye.

Aikin jarida a ƙasar nan daga wannan ɓangaren ya tsiro. Jaridar Iwe Irohin a Abeokuta aka fara ta a 1859. Gaskiya Ta Fi Kwabo sai 1939 a Zariya, shekara 80 ke nan tsakani. Daily Times a Legas ta fito a 1926, West African Pilot ta Azikiwe a 1937, Tribune ta Awolowo a Ibadan a 1949, gidan talabijin na farko ma a Ibadan aka buɗe shi a 1959. New Nigerian ta Kaduna sai 1966. Har yau manyan jaridun Turanci irin su Vanguard da Guardian a nan suke da hedikwata, kuma a nan kamfanonin da ke ba da talla suke. Wanda ya riga ka kafa injin buga takarda, shi zai fara ba da labarinka.

Ga yadda abin ke faruwa a aikace. Jarida tana da wakili ɗaya a jiha guda ta Arewa, wani lokaci ma ba ɗan jihar ba ne, albashinsa kuma ba ya zuwa a kan kari. Ya san in ya aiko labarin noman rani ko na kasuwar hatsi ta Dawanau, a can shafi na ciki za a cusa shi, in ma an buga. In ya aiko na kisa, shafin farko. Me kake zaton zai riƙa nema? Sannan ba shi ke rubuta kan labari ba. Wani ƙaramin edita ne da tsakar dare, wanda watakila bai taɓa ƙetare gadar Jebba ba, yana da gurbin kalma shida ko bakwai, sai ya ɗauki sunan ƙabila don shi ne gajere kuma shi ke sayar da jarida. Na sha musu a kan wannan. In wanda ake zargi ɗan Kudu ne, a ce "wani mutum". In namu ne, a ce "Bahaushe" ko "makiyayi", ko da daga Nijar ko Chadi ya zo, ko da ba ya jin Hausa sai ta ciniki. Mafi yawansu ba ƙiyayya ba ce, lalaci ne da gaggawa, amma wanda abin ya faɗa wa duk ɗaya ne a wurinsa.

Masu fim kuma daga nan suka ɗauka. Marubucin fim yana son mutumin da mai kallo zai gane cikin daƙiƙa biyu ba sai an yi bayani ba. Buta da rediyo sun gama masa aiki.

In ka je, kada ka tafi da fushi, tafi da abin da za a sa a madadinsa. Gaya musu Hausawa ba jiya suka zo Ikko ba. A 1863 Baturen mulkin mallaka Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa a garin nan, kuma daga ita ake jawo asalin sojan Najeriya. Agegen da nake zaune cinikin goro ne ya cika ta da mutanenmu, musamman da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912. Akwai Sarkin Hausawa a nan tun kafin a haifi malamar. Yaro zai iya fitowa a fatake mai goro, wasa ya yi daɗi ba a wulaƙanta kowa ba.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:

Baba Tsohon Ɗan Jarida ya yi bayani, Allah ya ƙara girma. Amma Alhaji, ni zan ɗan taɓa mu, a yi min afuwa.

Ku kunna finafinanmu na Hausa ku ga yadda muke fito da wasu. Ɗan Ibo kullum mai kayan gyaran mota ne, da jar hula, da karyayyar Hausa, ba abin da ya sani sai kuɗi. Bayarabiya mai faɗa ce da ɗaga murya. Bafulatani ya shigo birni yana tsoron fanka. Bagwari kuwa ba a magana. Muna kallo muna dariya har da hawaye, ba mu taɓa tambayar yadda ɗan Gwari da ke aji ɗaya da 'ya'yanmu a Kaduna yake ji ba. Ita kanta Legas, a fim ɗinmu wuri ne da yarinya ke zuwa ta lalace ko saurayi ya dawo da kitso a kai.

Da za a kawo ni garin nan aure, kakata a Funtuwa kuka ta riƙa yi, wai an kai ni inda ba a jin kiran salla. Da ƙanwata ta zo wankan jego, asubar farko ta tashe ni tana mamakin yawan lasifikar masallatai, rabi kuma na Yarbawa ne. Na kai ta cikin Eko ta ga masallacin Shitta-Bey da aka buɗe tun 1894. Wannan rashin sanin ai ba jaridun Legas suka koya mata ba.

Rikicin da aka yi a unguwar nan a Fabrairun 2002, tsofaffin da suka gani suna faɗin asarar da aka yi, amma suna kuma faɗin maƙwabtan Yarbawa da suka ɓoye mutanenmu a ɗakunansu. Wannan rabin labarin bai kai gida ba. Abin da ya kai gida shi ne ana kashe Hausawa a Ikko.

Ka je makarantar, ina goyon baya. Amma in yaron ya dawo, a duba abin da ake kunna masa a falo.

Dillalin Gwari, Mile 12:

Hajiya, gaskiya kika faɗa, ban musa ba. Sai dai nauyin ba ɗaya ba ne. Fim ɗinmu mu kaɗai ke kallonsa, ɗan Ibo da ke Sabon Gari a Kano ba ya rasa haya saboda shi. Nasu kuwa ƙasa duka ke kalla har da ƙetare, kuma mu nan muke zaune a cikinsu. Wani yaron shagona ya je neman ɗaki a Ojota, an gama ciniki da ejan da Yarbanci, da aka ga sunansa a takarda sai aka ce maigidan ya fasa. Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ku tuna yadda aka riƙa magana a rediyon safe, kamar duk wanda ke kan babur ɗan Arewa ne kuma duk ɗan Arewa da makami a ƙarƙashin sirdi. Akwai ɓata-gari a cikin 'yan acaba, mu ma mun san su, sun kuma dame mu. Amma masu kiran waya a shirin ba su tsaya a kansu ba.

Baba, shawarar fatake ta yi min. Zan nemi tsohuwar babbar rigar mahaifina a rage masa.

Ɗan Computer Village:

Salam iyayena. Ni ƙaraminku ne, ina gyaran waya a Ikeja, ina kuma ɗan taɓa bidiyon barkwanci.

Baba, da girmamawa, zancen jarida ya kwana biyu. Malamar nan na tabbata ba ta sayen jarida. A waya take ganinmu, a TikTok da Instagram da Facebook. Kuma abin da ba ku sani ba, da yawa daga masu fitowa a "aboki" a bidiyoyin nan yaranmu ne, Hausawa cikakku, wasu da digiri. Ni kaina an kira ni wani ɗaukar bidiyo a Lekki, na yi magana yadda nake yi kullum, mai shirin ya ce a'a, ba ka yi kama da Bahaushe ba, ƙara karya harshen. Na bar musu. Wanda ya zo bayana ya yi, kuma ban zarge shi ba, yana da haya a kansa.

Manhajar ba ruwanta da ƙabila. Abin da mutane suka tsaya suka kalla har ƙarshe suka tura wa wasu, shi take ƙara turawa. Na sa bidiyon yadda ake sauke tirelar albasa da asuba a kasuwarku Alhaji, 'yan tsiraru suka kalla. Abokina ya sa rawani a karkace ya yi kamar bai san lifta ba, ya kwana da dubban mabiya. Kuma ku shiga wajen sharhi ku gani, rabin masu dariyar 'yan Arewa ne.

Lokaci ɗaya da na ga an nemi jin ta bakinmu da gaske shi ne farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da ƙungiyar masu kayan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da nama suka yi tsada, sai ga kyamarori a Mile 12 da mayankar Oko-Oba ana neman shugabannin kasuwa. Da lodi ya dawo, kyamarorin suka tafi.

Ni da za a bi tawa, yaron ya fito a maigadin, amma a juya wasan, ya zama shi ne mai hankalin gidan. Ai an fi jin saƙo a cikin dariya.

Tsohon Ɗan Jarida, Agege:

Ɗana, na ji ka, amma ban yarda da ta ƙarshen ba. Yara 'yan shekara goma ba za su riƙe juyin ba, butar za su riƙe, kuma da ita za su riƙa kiransa har ya gama makarantar.

Batun waya kuwa ka fi ni sani. Sai dai ka lura da wani abu. Muna da kafafe masu ƙarfi: BBC Hausa tun 1957, DW, RFI Hausa da ke aiki daga nan Legas, Freedom Radio a Kano, Arewa24, Aminiya. Dukansu da Hausa suke magana, wato mu muke gaya wa kanmu labarin kanmu. Matar da ke sayen attaruhu a gaban Alhaji ba ta jin ko ɗaya. Daily Trust ce ke yi da Turanci, ita ma masu karanta ta sun fi yawa daga Abuja zuwa sama.

Abin da na daɗe ina faɗa wa shugabannin kasuwanninmu shi ne su tsayar da mutum ɗaya mai jin Yarbanci da Turancin buroka, wanda kowane ɗakin labarai ke da lambarsa, don in abu ya faru da ƙarfe tara na dare a samu wanda za a kira kafin a rufe shafi. Sannan fili a gidajen rediyon garin nan sayensa ake yi, rabin awa a mako, kamar yadda coci-coci da masu maganin gargajiya ke saya. Farashin kwando, halin hanya daga Kano zuwa nan, dalilin da ya sa albasa ta hau, da Yarbanci, masu saurare su kira a amsa musu. Alhaji, kuɗin da ƙungiyarku ke karɓa a kan kowace mota da ta shigo zai iya ɗaukar wannan. Ka kai maganar taronku na gaba, in suna so ni zan rubuta musu tsarin shirin kyauta.