Neman kalma: me zan kira Wienermobile a rediyo?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Malamai a agaza min, ƙarfe 4 za mu naɗi shiri. Labari ne daga Amurka kan wata motar kamfanin Oscar Mayer da aka ƙera da siffar abincin da suke sayarwa, wato naman nan dogo da ake cusawa a tsakiyar burodi. Tun 1936 aka yi ta farko a Chicago, ta yanzu tsawonta ƙafa 27. Guda 6 ne ke yawo, kowacce da matasa biyu da suka gama jami'a, su shekara guda suna bin garuruwa har da ƙanana, suna tsayawa bakin kantuna da wuraren biki, suna raba wa yara usur mai siffar motar. Sunanta Wienermobile. In na faɗe shi haka, tsohuwata a Gumel cewa za ta yi magani nake talla.

Ɗan Gwale: Wa alaikumus salam. Motar tsiran alade. An gama.

Maman Ilham: Haba Yaya, alade da yamma a gidan rediyo? Kafin in rufe baki an fara kiran waya. Kuma ba duka ne na alade ba. A 2023 ma sun sauya mata suna zuwa Frankmobile don tallar na naman sa zalla, bayan 'yan watanni suka koma tsohon sunan.

Ɗan Gwale: To motar Gala. Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san Gala.

Hajiya Mai Alli: Gala sunan kayan wani kamfani ne, manajanku zai tambaye ki wa ya biya kuɗin tallar. Kuma ita Gala a cikin fulawa ake gasa naman, wannan kuwa burodi ake tsagawa a sa. Ni dai da motar talla zan ce, sai ki bi da bayani. Iyayenmu sun san motar majigi da ke bin ƙauyuka tana tara jama'a, aikin kusan ɗaya ne, illa wannan ita kanta ce abin kallon.

Malam Na Ɗorayi: Ku dakata. Baturen kalma biyu ya narka wuri guda: wiener, daga sunan birnin Vienna, da wutsiyar kalmarsu ta mota. Mu ma mu narka. Mota da tsire: MOTSIRE. Jam'i motsirai. Ku lura har da motsi a cikinta. Na daɗe ina cewa rashin irin wannan ƙirƙira ke sa harshenmu bara.

Ɗan Gwale: Allah gafarta Malam, motsire kamar ciwon da ke kama akuya da damina.

Malam Na Ɗorayi: Dariya ba hujja ba ce.

Hajiya Mai Alli: To ga hujja, Malam. Hausa ba ta yanka kalma ta liƙa da wata. Jera su take yi: jirgin sama, gidan sauro, farar hula. In kuma abin hawa za ta raɗa wa suna, jimla take ɗaukowa sukutum: a-kori-kura, a-daidaita-sahu. Wannan na biyun ma ba malami ya zauna ya ƙirƙiro ba, sunan shirin gwamnatin Shekarau ne ya bi babur ɗin ya manne. Sannan tsire a tsinke yake, da ƙuli. Ina tsinken a nan?

Malam Na Ɗorayi: Hajiya, da kika ce tsiran alade ina tsinkensa?

Hajiya Mai Alli: Ba ni na ce ba, Ɗan Gwale ne.

Bazazzagi: Ni abin da ke damuna daban. Ita motar da kuke jingina komai a kanta, ta gado ce? Aro ce. Burodi aro, talla ce kawai tamu. Ku bar Wienermobile ta shigo, baki zai sassaƙe ta kamar yadda ya yi wa tirela. Winamobil.

Ɗan Damagaram: Ku mutanen Najeriya kullum sai ku yanke hukunci kamar mu ba ma sauraren rediyonku. Winamobil a kunnen ɗan Zinder ba komai ba ce, mu da Faransanci muka yi boko. In za a zaɓa a zaɓi wadda ƴan Maraɗi da Tawa za su gane ba sai an yi musu fassarar fassara ba.

Ɗan Gwale: Daidaitacciyar Hausa dai ta Kano ce, a yi haƙuri.

Bazazzagi: A Zariya aka buga ta a takarda, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Ku kuna Kwari kuna awon yadi.

Ɗan Damagaram: Ga su nan, an fara.

Maman Ilham: Jama'a ƙarfe 3 da kwata! Kuma ban ma kawo ta biyun ba. Direbobin ana ce musu Hotdoggers, har horo ake ba su a Madison ta jihar Wisconsin kafin a damƙa musu makulli. Akwai kuma wata ta kamfanin Planters mai siffar gyaɗa.

Ɗan Gwale: Ta gyaɗar mai sauƙi ce, motar gyaɗa. Su kuwa direbobin, tunda sunan abincin a Turanci hot dog, wato kare mai zafi, ai karnukan mota ne.

Hajiya Mai Alli: Kai dai Allah ya shirye ka. Motar gyaɗa kuma a Kano kowa zai ɗauka buhuna ta ɗauko. Dole sai an sa "mai siffar". Ƙanwata, rubuta: motar talla mai siffar nama a burodi, mai suna Wienermobile. Ki faɗi sunan sau ɗaya, daga nan ki riƙa cewa motar. Matasan kuma jakadun kamfanin, ko kawai direbobin.

Malam Na Ɗorayi: Kalma bakwai a madadin ɗaya. Wannan bayani ne, ba suna ba.

Ɗan Damagaram: Amma an gane shi har Agadas.

Maman Ilham: Na ɗauki na Hajiya, na gode ƙwarai. Malam ka yafe ni.

Malam Na Ɗorayi: Ba komai, 'yata. Na dai rubuta motsire a littafina da kwanan wata.

Maman Ilham: Mun fito yanzu. Furodusa ya ce jimlar ta yi tsawo a kanun labarai, ya mayar da ita motar burodi.

Ɗan Gwale: Wato wadda ke kawo wa mai shayi da asuba.