Digiri nawa na'urar ɗumama ruwa take ƙarawa a lokacin hunturu?

Mai aikin famfo, unguwar Zariya: Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya kama nake samun ƙorafi daga gidajen da na ɗaura wa ƙaramar na'ura mai kilowat 3.5, wadda ruwa ke ratsawa ya fito da ɗumi nan take. Maigida zai ce ta lalace, amma idan na tara bokitin lita 10 a bakin famfo, sai in ga ya cika cikin minti ɗaya. Ina roƙon waɗanda suka auna da hannunsu su faɗa mana abin da suka gani.

Malamin kimiyya, unguwar Ali Ɗan Sofo: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urar lafiyarta lau, ruwan ne yake wucewa da gaggawa. Kilo ɗaya na ruwa, wato lita ɗaya, yana buƙatar jul (ma'aunin makamashi) 4186 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, saboda haka sai a ninka kilowat da 14.3, a raba da litar da ke wucewa a minti, a samu digirin da na'urar take ƙarawa. A lissafin bokitinka digiri 5 kawai take ƙarawa, wanda bai isa fata ta ji ruwan da ɗumi ba. Na gwada a gidana da asuba, ruwan tanki yana digiri 19, na rage famfo zuwa lita 3, ma'auni ya nuna 35, domin ɗan zafi yana salwanta a jikin tiyo.

Mai gyaran lantarki, Sabon Gari: Malam ya yi gaskiya, sai dai kilowat 3.5 ɗin nan a bolt 220 ake samunsa. Da magariba na auna 190 a wani gida, kuma faɗuwar nan kaɗai tana cinye kusan rubu'in ƙarfin na'urar. Tana jan amfiya 16, don haka siririyar waya haɗari ce, kuma ban yarda a kunna ta ba tare da wayar ƙasa ba.

Mai injin matsar gyaɗa, Tibiri: Ƴan'uwa, lambar 14.3 ta ruwa ce kaɗai. Muna ɗumama mai a tiyo kafin tacewa, kuma kilonsa kusan jul 2000 yake buƙata a kowane digiri, shi ya sa ƙaruwar zafinsa take ninka ta ruwa. Ranar da bel ya saki, gudun man ya ragu, nan da nan ya yi duhu yana ƙauri, sai da muka ware wannan duro daga na kasuwa.