Likita ya rubuta min maganin damuwa, ga ni da goyo: in fara sha ko in dakata?

Maman Haidar
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ke nan da haihuwata. Tun da na dawo daga wankan jego ba na jin daɗin komai. Yaro zai yi barci, ni idona biyu har kiran assalatu. Abinci sai na tilasta wa kaina saboda nono. Ina cikin wanke-wanke haka kawai sai hawaye. Maigida a Fatakwal yake aiki, sai bayan wata biyu yake leƙowa. Jiya na je asibiti, ko minti goma ban yi a gaban likita ba ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta sertraline, wai in dawo bayan wata ɗaya. Ban saya ba tukuna. Ina zuwa makarantar da nake koyarwa, ina kula da ɗana, ban taɓa tunanin cutar da kaina ba. Tambayata biyu ce: maganin ba zai taɓa yaron ta nono ba? Kuma dole sai ƙwaya, ba wata hanyar da ake fara gwadawa?

Abu Sumayya
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki riƙe azkar ɗin safe da yamma, ki samu mai ruƙiyya na gari. Mai jego jikinta a buɗe yake. Allah ya ba ki lafiya.

Anti Ladidi
Ƙanwata, ki saurare ni. Shekara uku na yi ina shan amitriptyline. Na je da kukan rashin barci, ba wanda ya tambaye ni me ke hana ni barcin. Da an tambaya da na faɗa: ɗaki ɗaya da yara huɗu, uwar miji a tsakar gida tana ƙirga ludayin miyata, shi kuma ya daina yi min magana sai ta bakin yara. Aka ba ni ƙwaya. Barci kam na yi shi, har nakan makara sallar asuba, in tashi bakina a bushe kamar na ci gari, kaina ya yi nauyi har azahar. Na yi ƙiba sai da duk ɗinkunana suka daina shiga, ita kuwa ta samu abin faɗa, wai ga malalaciya. Duk zuwa asibiti layi tun sassafe, a ƙarshe a ce "yaya barci?" a sake rubuta takarda. Ranar da na gaji na watsar da shi, sati biyu ina jiri da tashin zuciya, na ɗauka mutuwa zan yi. Ban samu kaina ba sai da yayana ya sa baki aka raba mana gida. Abin da ke damuna yana tsakar gida, su kuma cikina suke ta ɗura wa magani.

Ummu Khairat
Innalillahi. Anti, wallahi kamar labarin yayata kike ba ni. Allah ya saka miki.

Ɗan Sabon Gari
Anti Allah ya ƙara sauƙi, amma kada a tsorata mutane. Ƙanena wata huɗu ya yi a ɗaki, ba wanka, ba kasuwa, magana ma sai da kai. Rubutu, tofi, hayaƙi, ba abin da ba mu yi ba. Fluoxetine aka ba shi. Sati biyun farko kamar ba ya shan komai, wajen sati na biyar na shigo na tarar yana goge takalminsa. Yanzu yana shagonsa.

Nas Hauwa
Ni ma'aikaciyar jinya ce. Anti Ladidi da Ɗan Sabon Gari, ku biyun duk gaskiya kuka faɗa, ciwon ne hawa-hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce a fara da ƙwaya ga mai ƙaramar damuwa ba, zaman tattaunawa da masani da tallafin iyali ake fara sawa a gaba. In ya yi tsanani irin na ƙanen Malam, magani na ceto rai. Yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsa, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi, kuma a hankali ake rage shi. Jirin nan na Anti, yankewa lokaci ɗaya ne ya jawo shi. Maman Haidar, ki koma ki nemi a duba jininki da tayirod (wata halitta ce a maƙogwaro), ƙarancin jini bayan haihuwa ma yana kawo kasala irin wannan.

Anti Ladidi
To 'yar nan, wa ya gaya min a hankali ake ragewa? Cikin shekara ukun nan ba wanda ya buɗe baki. Ku da kuke ciki kullum sai ku kare juna. Wanda ya haɗiyi abu shi ya san ɗacinsa.

Nas Hauwa
Anti ban kare kowa ba, an yi miki ba daidai ba. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Wanda ke da mutum sittin a layi ina zai samu awa guda ya saurari ɗaya?

Abu Sumayya
Shi ya sa na ce malamai. Su suna da lokacin sauraro.

Ɗan Sabon Gari
Wasu dai. An manta gidan marin Rigasa a 2019, mutum sama da 300 aka fitar, wasu da sarƙa a ƙafa?

Baban Yara
Maganinta tikitin motar Fatakwal ne, a kai wa Oga kayansa 😂

Ummu Khairat
Haba Malam, mace na kuka kana raha. Ni tambayata kuɗin. An ce zama ɗaya da masanin halayyar ɗan Adam dubu goma sha biyar ne.

Ɗan Sabon Gari
Ina? Mu a asibitin gwamnati dubu biyu muka biya, sai dai wata biyu muka jira.

Hajiya Ƴar Gaya
Ni dubu ashirin da biyar aka ce min a Abuja, kuma wai zama takwas. Sertraline ɗin kuwa kati ɗaya dubu uku na saya wa ɗiyata.

Ummu Khairat
Dubu uku a ina Hajiya? Ni dubu tara aka ce min a kemis ɗin unguwarmu.

Hajiya Ƴar Gaya
Kamfani-kamfani ne. Amma ni ba kuɗin ne ya ƙona min rai ba. An sa ranar ɗiyata, an kawo lefe, sai wata ƙanwar uban yaron ta gan ta a layin likitan ƙwaƙwalwa. Kwana uku aka aiko a karɓi kaya, wai ba sa haɗa zuri'a da masu taɓin hankali. Yarinyar da ta haddace izu arba'in. Yanzu ta ce ko za ta mutu ba za ta sake taka asibitin ba.

Anti Ladidi
Ai ni har yau in muka samu saɓani da dangin miji sai a ce "a ƙyale ta, ba ta sha maganinta ba".

Abu Sumayya
Amma Hajiya, tsakani da Allah, a wajen bincike kun sanar da su? Ɓoye lalura a aure ma ba daidai ba ne.

Hajiya Ƴar Gaya
Mai hawan jini yana sanarwa? Mai olsa fa?

Maman Haidar
Na gode kwarai, ina karantawa duka. Hajiya Allah ya musanya mata da mafi alheri. Nas Hauwa, don Allah batun nonon fa? Takardar tana jakata har yanzu.

Ummu Khairat
Hajiya, lefen duka suka karɓe, har da kayan sa rana?