Gora ce ta fi muhimmanci ko kwaɗon da ke cikinta?

Malam Sani: Jama'a, an ce a kudancin Indiya masana na so a rage saran gora a tsaunukan Western Ghats saboda wani ɗan kwaɗo, Raorchestes chalazodes. Ni ban ga dalili ba. Gora ai ciyawa ce, ka sare ta yau, baɗi ta tofo. Kwaɗo ya koma rafi ya yi ƙwansa mana.

Hajiya Binta: Malam, wannan ba kwaɗon bakin kududdufi ba ne. Ba ya yin ƙwai a ruwa, ba ya ma zama talibambam. A cikin gaɓar gora yake shiga ta wata 'yar huda, macen ta manna ƙwayayenta a jikin bango, su ƙyanƙyashe kai tsaye da ƙafafuwansu. Wane rafi zai koma?

Malam Sani: To Hajiya, masu saƙa tabarma da kwando da gorar a jihar Kerala da ke can fa? Su ci kwaɗo?

Auwalu: Baba Sani, da girmanka, mai kwando ɗauka yake gwargwadon abin da kansa zai iya. Ita ma gorar nan masana'antar takarda na amfani da ita, kuma can ne ake kwasa da yawa.

Hajiya Binta: Kuma lokacin saran ne matsalar. Da damina suke haihuwa, namijin ne ke zaman gadi a cikin gaɓar. Masu bincike sun gwada cire shi, sai wasu mazan suka shiga suka cinye ƙwayayen. Ka sare gorar a lokacin, ka tafi da uba da 'ya'ya gaba ɗaya.

Malam Sani: Amma ai tun 1876 masana suka fara rubuta bayanin kwaɗon, aka yi sama da shekara ɗari ba a gan shi ba, sai 2011. Ashe ba ɓacewa ya yi ba, mutane ne ba su iya nema ba.

Auwalu: Wannan kam ka kama mu, Baba. Sai dai duba inda ake samunsa: gandun Kalakkad Mundanthurai a jihar Tamil Nadu, wanda aka killace don damisa. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.

Malam Sani: A hana sara da damina, na yarda. Hani gaba ɗaya ne ban yarda ba.

Hajiya Binta: Ai tun ɗazu damina nake cewa, Malam, kai ne ka tafi Kerala saƙar kwando.