Shawara: aikin fasaha kan Durɓi Takusheyi da rikicewar damina

Ƴar Ƙofar Marusa: Salamu alaikum ƴan zaure. Aikin kammala karatu nake son yi kan kusheyin Durɓi Takusheyi, tsoffin tuddan kaburburan sarakuna da ke kusa da Mani, da yadda damina ta daina tsayawa kan lokacinta. Da jar ƙasa zan gina ko rini zan yi a ƙyalle? Wa ya san hanya?

Ɗan Mani: Ki shiga motar Mani, ki sauka ki hau mashin. Amma ki fara gaida mai gari kafin ki ɗaga waya. Wurin manya ne.

Baban Khalifa: Ƙanwata, in jar ƙasa ce saurara. Shekara biyu baya na yi ƙananan tuddai bakwai a filin wata makaranta, da tubali, na kwaɓa ƙasar da ciyawar ramno kwana huɗu tana ruɓa. Wani magini ya ce in shafa makuba don ta kare shi daga ruwa, na ce ai Afrilu muke, wane ruwa? Daren jajibirin baje koli hadari ya taso daga gabas. Da safe taɓo na tarar, da ƙwayoyin wuri da na jera sun nutse ciki, awaki suna tattakawa. Waɗanda suka yi alkawarin rumfa ko waya ba su ɗauka ba. Daga nan ruwa bai sake zuba ba sai Yuni, har masu gaggawar shuka suka yi asarar iri.

Malama: To ai aikin ke nan, Baban Khalifa! Hoton taɓon ya kamata ka baje.

Baban Khalifa: Hajiya kuɗina ne suka narke fa.

Alaramma: Ni dai kar a sassaƙa mutum-mutumi. Kuma kabari ba abin wasa ba ne.

Ɗan Mani: Allah gafarta Malam, tudu za ta gina. Tonon ma an riga an yi: Bature Palmer a 1907, zamanin Sarki Dikko, sai Jamusawa a 1992. Tasoshin tagulla, mundaye, wuri, har zinariya, aka kai Mainz ta Jamus aka gyara.

Banufe: Katsinawa kun binne zinariya kuna bin bashin fura.

Malama: Wa ya saka bawan nan a zaure?

Mai Shuni: Ki yi rini. Ruwa ba ya cin rinin baba. Ki duba aikin El Anatsui ma, mai fasahar nan ɗan Ghana, murafun kwalba kawai yake ɗinkewa.

Ƴar Ƙofar Marusa: Na gode. Makubar a ina ake samu yanzu?

Baban Khalifa: Nemi ɓawon ɗorawa wajen masu daddawa. Ɗauki buhu biyu.